Ƙofar Gefen Baba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na can dajin. Mu nan lafiya lau muke. Yara sun koma makaranta, ƙaramar ta zubar da haƙorin gaba tana ta bin mutane tana nuna musu gurbin. Babansu yana gaishe ka. Baba ma lafiya lau, sai ɗan ciwon gwiwa irin na manya, ina kai shi asibiti ana gasa masa ita. Ya ce in gaya maka ka riƙa cin abinci, wai a hoton da ka aiko wuyanka ya zama tsinke.

Na so in kira ka, amma na san sai ka hau tudu kafin waya ta kama, ni kuma a gidan nan abin da na faɗa a ɗaki ana jinsa a tsakar gida. Shi ya sa na jira Dogo, direban motar abincinku, na ba shi wannan.

Maganar motarka ce da ka bar mana. Ƙofar gaba, ta gefen da Baba yake zama, ta sauka. Da farko ɗan gogawa take yi daga ƙasa, yanzu kuwa ba ta rufuwa sai na zagayo na sa gwiwa na ɗaga ta, sannan na banka ta da ƙugu. A bakin asibiti nake wannan dambe, masu gadi suna kallo.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne na makon jiya. Muna cikin shataletale ƙofar ta buɗe da kanta. Allah ya taimaka Baba yana ɗaure da bel, amma takalminsa ɗaya ya faɗa titi. Na tsaya, motoci suka cika mu da oda, mai ba da hannu ya tsinto takalmin ya kawo shi riƙe da yatsa biyu. Wata motar haya cike da 'yan makaranta ta tsaya daidai gefenmu, ka san dariyar yara. Baba ya karɓi takalmin ya yi godiya. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar da igiyar shanya nake ɗaure ƙofar ta taga, malaman makarantarmu har sun raɗa wa motar suna Mai Ɗamara.

Kafin wannan wani mai gyara ya taɓa ta. Ya cire 'yan sandunan ƙarfen nan na tsakiyar hinji, waɗanda kuke ce wa fil, ya zura dogayen noti a madadinsu ya ɗaure. Ta yi kwana biyu garau, daga nan ta koma ta fi da lalacewa. Don Allah ka rubuto mini yadda za a yi, dalla-dalla, yadda zan iya nuna wa mai walda na bakin layinmu. Kada ka ce baban yara ya yi, ka san shi, ƙwan fitila ma sai ya kira mai gyara.

Abu ɗaya nake roƙo: maganar nan ta tsaya tsakanina da kai. Kada Baba ya ji. Ka sa amsar a ambulan daban, ka rubuta sunana.

Ƙanwarka,
Auta


Zuwa ga Baba, da Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da fatan kuna lafiya. Baba, ya gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, abinci kuma ina ci, mai ɗaukar hoton ne bai iya aikinsa ba. Aikin gadar da muke ginawa yana tafiya, sai dai ruwa ya cinye mana hanya, manyan motoci suna ta kafewa, mu 'yan garejin kamfani kullum muna kwance a ƙarƙashinsu.

Auta, ki yi haƙuri, na karya miki sharaɗi. Kin ce kada Baba ya ji, na kuma san dalili: tun kina ƙarama in kin fasa kofi ƙarƙashin gado kike tura shi. To wannan ba kofi ba ne, ƙofa ce da Baba yake zama a jikinta a kan titi. A ce muna da mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan sitiyari, wanda ya koya mini riƙon sifana tun ban kai tsawon taya ba, sannan ki ɓoye masa ki je ki kwaso wani ɗan gefen titi? Ki karanta masa takardar nan kamar yadda kika saba, kada ki tsallake layi ko ɗaya.

Baba, ka ji abin da aka yi wa motar nan. An cire fil an sa noti. Kai da bakinka ka gaya mini duk inda ƙarfe yake juyawa ba a sa masa abu mai haƙora. Fil sumul yake, ya cika raminsa. Noti kuwa siriri ne, ga zare a jikinsa, duk buɗewa ɗaya sai ya gurji ramin kamar magagari, har ramin ya tashi daga zagaye ya koma siffar ƙwai. Ina ƙofa za ta tsaya?

Wanda ya yi aikin nan ba mai gyara ba ne, jaki ne aka miƙa wa sifana. Ko dai ba ya gani, ko hannunsa rawa yake ya kasa buga fil, ya nemi hanyar ragwaye. Irinsu kamata ya yi a karɓe akwatin kayan aiki daga hannunsu, a shimfiɗa musu tabarma a inuwa su zauna, kafin su kashe wani. Baba, don Allah ka sa Auta ta kai ka wurinsa ka wanke shi tas, kai ka iya.

Abu na biyu, Auta. Ƙofar mota ba ta sauka haka kawai, sai in ana ɗora mata nauyi. Wane buhun masara ne yake lilo a jikinta? In yaranki ne ki ja musu kunne. In kuma ƙawayenki ne na makaranta, irin waɗanda ba sa iya tashi daga kujera sai sun rataya da wani abu, ki ce su nemi motar ɗaukar kaya.

Ga yadda za a yi. A buɗe ƙofar rabi, a sa jak a ƙarƙashinta da guntun katako da tsumma don kada fenti ya ciwu, a ɗaga har nauyinta ya bar hinji. A zare notin a jefar. A gyara ramin ya koma zagaye, a sa bushin sabo, wato zoben ƙarfen da fil yake zama a cikinsa, a shafa giris, a buga fil daga sama. Sannan a sassauta notin da ke riƙe da hinji a jikin mota, a ɗaga ƙofar har layinta ya yi daidai da na ƙofar baya, a ɗaure. Maƙalin da take kamawa idan ta rufu shi ne na ƙarshe, kada a fara da shi. Baba ya san duk wannan fiye da ni, ya tsaya a kansu kawai.

A shafa mini kan yara.

Naku,
Yaya


Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kowa lafiya, ni ma lafiya.

Dogo ya je ya dawo, ya sake zuwa ya sake dawowa, hannunsa wayam. Ya ce ya tarar da Baba zaune a kan tabarma a ƙofar gida sun gaisa, ke kuma kika leƙo kika ce babu saƙo. Na hau tudun na kira ki, wayar tana shiga ba ki ɗauka ba.

In fushi kike don na tona ki a gaban Baba, ai ke ma kin san wasa ya fi yawa a ciki. Maganar ƙawayenki ce ta yi zafi? To na janye ta. Amma ki girma, Auta, ba a gaba a kan ƙofar mota. Dogo ya ce ya hango ta har yanzu da igiyarta, an lulluɓe motar da tamfol. Da me kuke zuwa asibiti?

Ki ba ni amsa ko layi biyu ne.

Yayanki


Yaya,

Wa alaikumus salam. Yara lafiya, babansu lafiya, ni ma da sauƙi. Baba kuwa ba lafiya lau yake ba, kuma ya daɗe ba lafiya lau ba. Duk wasiƙar da na rubuta maka na sa kalmar nan, da kunya na sa ta.

Ba fushi nake ba. Na fara takardar nan na yaga ban san iyaka ba, don in na faɗa na karya alkawarin da na yi masa, in na yi shiru kuma ƙafafunsa ne za su tafi.

Babu wani mai gyara, Yaya. Baba ne.

Tun damina waccan ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa daga zaune. In zai fita daga mota sai ya sauke gilashi, ya buɗe ƙofar, ya rungumi bakin tagar da hannu biyu, ya ja jikinsa sama. Na sha miƙa masa hannu, sai ya ce in matsa, ba a kai nan ba tukuna. Buhun da kake tambaya ke nan. Hannunsa kuma rawa yake, kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa, duk da haka rabi a ƙasa yake ƙarewa. Ya hana ni gaya maka. Cewa ya yi mutumin da yake kwance a ƙarƙashin babbar mota ba a aika masa abin da zai raba masa hankali.

Wata rana aka tashe mu da wuri na dawo gida da azahar. Na same shi zaune a kan bokiti, ya tokare ƙofar da bulo da katako, kamar yadda ka rubuta ɗin nan. Sabon fil ne a hannunsa na hagu, guduma a na dama. Ya sayo na ainihi, Yaya, ya san abin da ya kamata. Ya ɗaga gudumar ya buga, ta sami fenti. Ya sake, ta sami babban yatsansa. Ya daɗe yana kallon hannun kamar na wani ne aka ara masa. Sai ya zura fil ɗin a aljihu, ya jawo gwangwanin tarkacensa ya tono noti, abin da zai iya murɗawa a hankali ba sai ya buga ba. Ni ina bayan katanga, na kasa shiga, don kada ya san na gani. Na koma titi na yi ta zagaye har na tabbatar ya gama. Da yamma ya ce mini ya sa wani yaron gareji ya duba ƙofar, na ce an gode masa. Fil ɗin, guda biyu, a aljihun rigarsa na tsince su ranar wanki, na mayar inda na same su.

Yanzu ka ga abin da ya sa na ce kada ya ji. Ba kaina nake rufa wa asiri ba.

Ranar da takardarka ta iso shi ya karɓa daga hannun Dogo, ya ga sunansa a kai, ya yi ta murna. Da yamma ya sa na kawo masa kujera tsakar gida, ya ce in karanta. Na karanta gaisuwa, ya yi dariyar maganar hoto. Da idona ya sauka ƙasa na hango abin da ke tafe, sai na yi tsalle na faɗa wurin jak da katako. Ya ɗaga mini hannu.

"Koma baya. Ya ce kada ki tsallake layi."

Na karanta, Yaya. Jakin, da rawar hannun, da tabarmar, da buhun, duk da bakina suka fita. Ban taɓa jin muryata ta yi mini muni kamar ranar ba. Shi kuwa ya tura hannayensa ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu, yana gyaɗa kai kamar ana ba shi labarin wani. Da na gama ya ce, "Ya yi gaskiya. Aikin jaki ne." Ya ce in ɗauko masa sandarsa.

Washegari na buɗe ɗakina na tarar da akwatin kayan aikinsa a bakin ƙofa, da makullin a kai. Wai in ajiye maka. Ya sa aka fitar masa da tabarma ƙofar gida, can Dogo ya gan shi. Tun daga ranar bai sake shiga motar ba. In ranar asibiti ta zo sai ya ce yau gwiwar da sauƙi. Na ce mu hau ta haya, ya ce ba zai karya ƙofar mutane ba. Mai gashin ƙafar ta aiko cewa in ya ci gaba da fashi gwiwoyin za su sandare, kuma abin da ya sandare a shekarunsa da wuya ya saki. Ina ganin hakan da idona: da yana kaiwa bakin layi da sanda, yanzu daga ɗaki zuwa tabarma sai ya huta a hanya.

Ban ɗora maka laifin duka ba. Da na gaya maka gaskiya tun farko da ba ka rubuta abin da ka rubuta ba. Amma kai ma, mutum ya ce maka kada a ji, sai ka ɗauko lasifika?

Ban san yadda zan mayar da shi cikin motar nan ba. Kai ka fito da shi, sai ka nemo hanya.

Auta


Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da yara da babansu. Lafiyar jikina ƙalau, sauran kuwa ba sai na faɗa ba.

A bakin gareji na buɗe takardarki ina dariya, na ce yau Auta ta huce. Ban kai ƙarshe a tsaye ba. Abokin aikina ya tambaye ni ko rasuwa aka yi, na ce a'a, ban kuma iya gaya masa abin da aka yi ba. Ta ina zan fara? In ce na zauna na zaɓo kalmomi masu daɗi, na yi wa ubana ashar da su, na sa ƙanwata ta karanta masa? Abin da ya fi ci mini rai shi ne ina rubutawa ina jin daɗin kaina, ina cewa Baba zai yi dariya, zai ce yaron nan ya riƙe abin da na koya masa.

Ki yafe mini maganar kofi. Ke kina can kina ɗauke da shi, ni ina nan ina ba da umarni. Hutu ya sha zuwa ina cewa sai an gama gada, kuma na yarda da "lafiya lau" ɗinki ne don ita nake son ji.

Na so in kira shi, na hau tudun har na danna lambar, na kashe. In na ba shi haƙuri a waya zai ce babu komai, ya ajiye, ya koma tabarmarsa. Na san shi, ba haƙuri ne zai tashe shi ba, aiki ne.

Ga ƙunshi nan wurin Dogo. Fil biyu ne da bushin, ni na yanka su da hannuna a injinmu, na ɗan ƙara musu kauri saboda ramin ya buɗe. Kada ki kai motar wurin mai walda, ki kira shi gida, ku yi aikin a inda Baba zai gani daga tabarma. Kada ki roƙe shi komai. Ki fito da akwatinsa ki buɗe, ki ɗauki sifanar da ba ita ba, ki kafa jak a karkace, ki fara da maƙalin da na ce shi ne na ƙarshe. Ki yi duk shirmen da kika iya. Mutumin da na sani ba zai iya kallon haka ya yi shiru ba.

Ɗayan abin da ke cikin ƙunshin mariƙi ne, na lanƙwasa shi da bututu na naɗe shi da roba don kada ya zame. Da shi zai riƙa tashi, ƙofa ta huta. Mai walda ya kafa shi a jikin ginshiƙin gilashin gaba, can sama kusa da rufi. Baba dogo ne, hannunsa kuma ya fi na kowa tsawo. Ranar da zan taho, a tasha, yana tsaye ya miƙa hannu ya ɗaure jakata a saman mota ko ɗage bai yi ba. In an sa shi ƙasa zai takure.

Ga 'yar takarda nan a ninke, tasa ce. Kada ki karanta masa, ki ajiye a gefen tabarma da tabaransa. Abin da ke ciki ke nan, don kada ki ce na sake yi miki bazata:

"Baba, ina gaishe ka. Bakina ya yi kaifi a kan mai gyaran nan. Na bincika na gano a wurinsa na koyi duk abin da na iya, har da abin da na zage shi da shi. Ba ni da idon da zan kalle shi. Don Allah ka roƙa mini shi gafara. Ga fil nan na yanka, ina so ya duba mini su, in ba su yi ba a dawo da su in sake."

Yayanki


Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, wannan karon kuma ban ƙara gishiri ba. Yara suna gaishe ka, ƙaramar haƙorin ya fara leƙowa. Baba ƙafar tana nan da nauyi, amma mai gashin ta ce ba mu makara ba.

'Yar takardar da ka rubuto wa Baba ta kwana ta wuni a gefen tabarma bai taɓa ta a gabana ba. Da na zo share wurin na ga ninkin ya canja.

Ranar da babu makaranta na kira mai walda, na yaye tamfol, na kwance igiyar shanyata. Na fito da akwatin na buɗe shi da ƙara yadda zai ji. Baba ya juya mana ƙeya yana kallon titi. Na kafa jak a karkace, ba katako ba tsumma. Shiru. Mai walda ya buɗe baki zai gyara mini, na harare shi, bawan Allah ya rasa abin da ke faruwa. Na ɗauki sifanar taya na nufi maƙalin ƙofa da ita. Kunya kamar ta kashe ni, mace da 'ya'yanta tana wasan yara a gaban maƙwabta, ga shi ko tari bai yi ba. Har na fara cewa a raina dabarar Yaya ta sha ruwa.

Sai na fara ɗaga jak ɗin, ƙarfe ya ciji fenti ya yi ƙara.

"Ke! Sauke. Wa ya ce miki ana ɗaga ƙofa ba katako?"

Daga nan bai sake yin shiru ba. Ya sa aka jawo masa bokitin nan nasa kusa da mota. Ya karɓi fil ɗinka ya juya su a rana, ya bi su da farce, ya miƙo mini su. Mai walda ya gyara ramin, Baba yana ce masa ya isa, ƙara kaɗan, tsaya. Ni na riƙe guduma. Ya ce kada in kalli gudumar, in kalli kan fil ɗin. Da muka zo daidaita layi ya rufe ido ɗaya yana cewa sama, sama, ɗaure. Notin da muka zare kuwa ya karɓa ya duba yadda haƙoransu suka cinye, ya jefa su cikin gwangwaninsa.

Da aka gama ya ce in matsa. Ya sa yatsa ɗaya ya tura ƙofar, ta rufu da 'yar ƙara mai laushi irin ta ranar da ka kawo motar. Ya buɗe ya sake rufewa. Na ga gefen bakinsa yana motsi.

Mai walda ya kafa mariƙin a inda ka ce. Baba ya shiga ya zauna don gwaji, karon farko tun ranar takardar. Ya ɗaga hannu zai kama. Hannun ya kai daidai kafaɗarsa ya tsaya. Ya yunƙura, yatsunsa suna rawa a iska, tsakaninsu da mariƙin akwai tazara mai yawa. Ni da nake tare da shi kullum ban san hannun ya daina hawa sama ba. Mai walda ya sunkuyar da kai yana tattara wayar waldarsa, ya ce abu ne mai sauƙi, yanzu zai sauke shi ƙasa. Baba ya ce a bar shi.

Na tsaya ina jiran ya sauke gilashi ya rungumi tagar kamar da. Ya kalli ƙofar, ya kalli hinjin, sannan ya kalle ni.

"Kawo kafaɗarki."

Da ita ya tashi. Bai kai nauyin da nake zato ba, Yaya, ko kusa. Da ita ya sauka a bakin asibiti washegari, a gaban masu gadin nan, bai kuma sunkuyar da kai ba.

Ya karɓi birona ya ce in bar masa wuri a ƙasa. Ya daɗe a kai, ka yi haƙuri da rubutun, layukan sun hau juna.

Auta

Ƙofa ta yi. Fil ma sun yi, ban ji kaushi ba. Mai gyaran ya ce babu komai, wai da shi ya ga aikin nan a motar wani, abin da zai faɗa ya fi naka. Mariƙi kuwa ya yi mini nisa. Ka auna shi da hannun mutumin da ka bari a tasha. Na hana a sauke shi. Ka zo ka auna da kanka.

Babanka